Quadrajet, Edelbrock, Holley ko injekta: wanne ya dace da injin V8 da aka dasa wa tsohuwar a-kori-kura?

A Amurka, idan injin tsohuwar a-kori-kura ya gaji, ba kasafai ake yar da motar ba. Zare injin ake yi a dasa mata wani, kuma wanda aka fi dasawa shi ne Chevrolet 350, mai lita 5.7, mai silinda takwas da aka jera huɗu-huɗu a siffar V. Ya fito a 1967, daga dangin injinan da kamfanin ya faro a 1955. Yawansa da arhar kayan gyaransa sun sa ana cusa shi a C10 da K10 na Chevrolet ɗin kansa, a Jeep, har da Land Cruiser FJ40 ta Toyota. Ɗora injin da ɗaure shi yakan ƙare lafiya. Rigimar tana farawa ne ranar da aka murza makulli: sulo ya ƙi zama, a taka totur injin ya yi tari ta sama, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ko mota ta tashi lafiya lau da safe amma da an kashe ta a gidan mai ta ce ba ta san zance ba.

A nan ne mai mota yake tsayawa ya zuba wa kafireto ido. Ya gyara tsohon Rochester Quadrajet da ya zo da injin? Ya sayi sabon Edelbrock? Holley? Ko ya yi sallama da kafireto gaba ɗaya ya koma injekta? Duk huɗun suna aiki, kuma kowanne akwai motar da ya fi dacewa da ita.

Abin da za a auna su da shi

Na farko girma, kuma nan aka fi yin ɓarnar kuɗi. Ana auna kafireto da yawan iskar da yake iya wucewa da ita a minti ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa cfm. Lissafin ba wuya: girman injin a inci-kubik, wato 350 ɗin da ke cikin sunansa, sau juyin da zai kai a minti, a raba da 3456. Injin 350 da ba zai wuce juyi 5,000 ba yana ba da 506, kuma tunda injin da ba a taɓa cikinsa ba ba ya cika silindarsa taf, abin da yake zuƙa na gaskiya bai fi 430 ba. Ke nan kafireto mai 600 ya ishe shi har da rara. Wanda ya ɗora mai 750 mai bakuna huɗu daidai wa daida, yana tsammanin ƙarin ƙarfi, abin da zai samu shi ne iska mai tafiyar hawainiya a maƙogwaron kafireto, wadda ba ta iya jawo mai yadda ya kamata, sai motar ta riƙa nauyin tashi daga tsaye.

Na biyu manifol ɗin da ke kan injin, wato mazaunin kafireto da ke rarraba haɗin mai da iska zuwa silinda. Akwai mai ramuka huɗu kusan girma ɗaya, akwai mai ƙanana biyu a gaba da manya biyu a baya. Na biyun na Quadrajet ne. Edelbrock da Holley na farkon suke so, ko kuma a sa faranti a tsakani, kuma kowane faranti ƙarin wuri ne da iska za ta iya sata ta shiga.

Sai aikin motar. Mai yawo a kwalta daban, mai jan tirela daban, mai hawa duwatsu da gangara daban. Bayan wannan, wa zai riƙa saita shi, kai ko bakanike, kuma bakaniken ya san wannan samfurin? Kuɗi da ƙarko da haɗari suna biyo baya, zan kawo su a ƙarƙashin kowanne.

Kafin ka ɗora wa kafireto laifi

Wannan sashen ya fi duk sauran muhimmanci a wurina, domin yawancin abin da ake kira matsalar kafireto bayan dashen inji ba tasa ba ce. Idan ba a kawar da waɗannan ba, ko wanne ka saya cikin huɗun, ciwon yana nan.

Fara da wutar dilko. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970 suna da waya mai rage wuta zuwa kwayil, saboda dilkon da suka zo da shi mai fayin ne. Injin da aka daso kuwa galibi yana zuwa da dilkon HEI, na lantarki mara fayin, wanda ke son cikakken bolt 12. Idan aka jona shi a tsohuwar wayar, injin zai tashi, zai yi sulo, amma da an ɗora masa nauyi sai ya fara tsallake wuta, kai kuma ka rantse mai ne ba ya isa. Sa mita a kan wayar injin na aiki. Idan ka ga 8 ko 9, ka gano ɓarawonka. Cok mai lantarki ma haka, wayarsa daban yake so daga makulli, ba daga kwayil ba.

Duba jerin wayoyin fulogi. Tsarin wutar wannan injin 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, dilko na juyawa yadda hannun agogo ke juyawa, silinda 1, 3, 5, 7 suna ɓangaren direba. Wayar 5 da ta 7 su aka fi musanyawa, don maƙwabta ne a jiki da kuma a jerin.

Sai taimin. Cire tiyon zuƙa daga dilko ka toshe shi, ka haska fitilar taimin. Digiri 10 zuwa 12 a sulo wuri ne mai kyau na farawa, jimilla kuma 32 zuwa 36 idan injin ya kai wajen juyi 3,000. Amma ga tarkon dashe: Chevrolet ya canza wurin alamar taimin a jikin fulin gaba fiye da sau ɗaya a tsawon shekarun injin nan. Idan fulin na wata shekara ne, farantin alamar na wata, fitila za ta nuna maka lambar da ba ita ba ce. Haka nan zoben wajen fulin yana kan roba ne, idan ya tsufa yakan zame. Sai an tabbatar da cewa lokacin da fistin na 1 ya kai ƙololuwa alamar na kan sifili kafin a yarda da fitila.

Taimin da ya makara yana jawo wani abu da ke rikita mutane ƙwarai. Injin ya ƙi sulo, sai a yi ta ɗaure sukurun sulo har ya tsaya. Daga nan sai a ga sukurorin nan biyu na haɗin mai da iska sun daina jin magana: ka ɗaure su har ƙarshe injin bai mutu ba. Cire kafireton ka kifa shi ka duba bakunan gaba. Kusa da gefen murfin totur akwai ɗan siririn tsagi a jikin bango. A sulo, abin da ya kamata ya leƙo daga tsagin ɗan kaɗan ne, tsawonsa kamar faɗinsa. Idan ka ga ya fito dogo, murfin ya buɗe fiye da kima kuma injin yana shan mai ta hanyar da ba ta sulo ba. Maganin shi ne a ƙara taimin, a sassauta sukurun ya dawo wurinsa.

Agogon zuƙa, wato mai auna ƙarfin zuƙar iska a manifol, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne likitan wannan aiki. Injin da ba a canza masa kamshaf ba ya kamata ya nuna inci 17 zuwa 21 a sulo, allura tsaye cak, a ƙasar da ba ta da tudu. Kowane ƙafa 1,000 na tudu yana rage kusan inci ɗaya. Idan allurar ta tsaya ƙasa da haka, ko taimin ne ko iska na sata. Wuraren satar sanannu ne: gindin kafireto, tiyon birki, tiyon da ke zuwa giyabos idan TH350 ne, da bakin manifol. Game da manifol, kan silinda na 1987 zuwa sama kusurwar kusoshinsa na tsakiya daban ce da ta da, na Vortec da ya fito a 1996 kuma kusoshi takwas gare shi a tsaye. Tilasta musu tsohon manifol ba ya haifar da ɗa mai ido.

Na ƙarshe matsin mai. A ma'aunin matsi da ake rubutawa psi, kafireto yana son 5 zuwa 7 ne kawai. Motocin GM, uwar kamfanin Chevrolet, da suka koma injekta a 1987 famfon tankinsu yana ba da 9 zuwa 13, na zamanin Vortec kuwa wajen 60. Idan aka bar irin wannan famfon yana tura mai kai tsaye, fulot ba zai iya rufe ƙofa ba, obafulo ne kawai. Wasu injinan da aka ƙera daga baya kuma ba su da wurin ɗaura famfon da kamshaf ke kaɗawa, dole sai na lantarki da abin daidaita matsi.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, to yanzu a yi maganar zaɓi.

Rochester Quadrajet

Shi ne wanda GM ya riƙa ɗorawa a motocinsa daga 1965 har zuwa 1990, kuma akwai yiwuwar shi ka tarar a kan injin da ka saya. Dabarar ƙirarsa ita ce ƙananan bakuna biyu a gaba da manya-manya biyu a baya. A tafiyar yau da kullum ƙananan ne ke aiki, iska na wucewa da gudu, mai na narkewa da kyau, totur na amsawa nan take. Manyan suna da wani murfi a sama wanda ba ya buɗewa sai gwargwadon iskar da injin ya nema. Shi ya sa ko da an rubuta masa 750 ko 800, bai yi wa 350 yawa ba, dokar girman da na kawo a sama ba ta kama shi. Ƙoƙon mansa ɗaya ne, a tsakiya, don haka karkatar mota a gangara ba ta dame shi sosai ba. Ga mai jan kaya da mai son tsimin mai, ban ga wanda ya kai shi ba cikin kafiretocin nan.

Aibinsa shekaru. Mafi ƙuruciyarsu ya haura shekara talatin. Sandar totur takan cinye raminta a farantin ƙasa, iska ta riƙa shiga ta nan. Kama hannun totur ɗin ka girgiza shi sama da ƙasa, idan yana kaɗawa sai an sa masa sabon bushi. Murfin sama yakan lanƙwashe idan an matse dogayen kusoshin gaba da ƙarfi. Zaren da ke bakin shigar mai, inda 'yar matatar mai take, yakan cinye. A tsofaffin samfura, matosan da ke ƙarƙashin ƙoƙo sukan yi yoyo, mota ta kwana biyu a ajiye ƙoƙon ya bushe.

Sai ƙorafin da ya ɓata masa suna, wato a taka totur har ƙasa injin ya yi luf kamar zai mutu kafin ya farfaɗo. Wannan saiti ne. Murfin bayan yana buɗewa da wuri fiye da yadda mai zai iya biyo shi, ko don sifirin ɗinsa ya saki, ko don robar ɗan tulun zuƙa da ke gefen cok, wanda ke riƙe murfin kada ya faɗa gaba ɗaya, ta yage. Akwai ɗan sukuru da makullinsa a gefen murfin, ana ƙara masa tauri kaɗan-kaɗan ana gwadawa a hanya.

Kayan gyaransa ba su kai dala 100 ba idan kai za ka yi aikin. Wanda ƙwararre ya sabunta yakan kai dala 400 zuwa 600. Haɗarin yana wurin saye. Waɗanda aka sabunta a jimla sau da yawa an haɗa musu gangar jikin wannan da alluran wancan, saita su wahala ce zalla. Kuma daga 1981 akwai masu soket ɗin lantarki a sama, waɗanda kwamfutar mota ke sarrafawa. Idan motarka ba ta da wannan kwamfutar, irin wannan zai yi ta zuba mai ne kawai, kada ka karɓe shi ko kyauta.

Edelbrock

Samfurin da aka fi saye shi ne Performer 1406, mai cfm 600 da cok na lantarki, wanda aka saita don tsimi. Ɗan'uwansa 1405 cok ɗinsa na hannu ne kuma ya fi shi sakin mai. Ƙirar ta samo asali daga Carter AFB na 1957. Akwai kuma AVS2, irin su 1906 mai 650, wanda ya fi feshe mai da laushi kuma ana iya saita buɗewar bakunansa na baya da sukundireba.

Abin da ya sa mutane ke son sa shi ne sauƙi. Babu gaskit a ƙasa da layin mai, don haka ba ya yoyo ko ya daɗe a ajiye. Saitinsa da allurai ne. A saman murfin akwai 'yan faranti biyu, kowanne da sukuru ɗaya. Ka sassauta, ka juya farantin gefe, sai ɗan fistin ya ɗago da allurarsa, sifirin na ƙarƙashinsa. Ka canza allurar ko sifirin ɗin ka mayar, ko ɗigon mai bai zuba ba. Sai dai ka toshe maƙogwaron da tsumma mai tsabta tukuna, don sukurun nan idan ya faɗa ciki aiki ya koma na buɗe manifol. Sifirin ɗin masu launi ne, kowane launi da ƙarfin zuƙar da yake sakin allura: shuɗi inci 3, rawaya 4, ruwan lemo 5, ruwan hoda 7, mara fenti 8. Idan mota na ɗan jinkiri lokacin da aka ƙara totur a hankali ana cikin tafiya, sau da yawa matsawa zuwa sifirin mai tauri ya wadatar.

Abu biyu ba ya ɗauka. Matsin mai kada ya wuce psi 6, an fi son 5.5, kuma famfuna da yawa na kasuwa sun wuce haka. Na biyu zafi. Jikinsa alminiyam ne, ƙoƙunan mai suna zaune dab da manifol. Ka yi tafiya mai nisa, ka kashe mota, ka jira kwata ɗin awa, ka cire matatar iska ka leƙa: za ka ga mai na ɗiga cikin maƙogwaro, wani farin tururi na tashi, idan ka kasa kunne har tafasarsa za ka ji. Wannan shi ne dalilin ƙin tashi a gidan mai, kuma fetur ɗin Amurka mai kashi 10 na itanol yana ƙara abin. Maganin faranti ne mai hana zafi wucewa a gindin kafireton, da janye bututun mai daga kusa da salansa, da tabbatar da tsayin fulot a inci 7/16. Kafin ka sa farantin, auna tazarar da ke tsakanin matatar iska da bonet, musamman a Land Cruiser da Jeep.

A hanya mai gargada da gangara mai tsanani yakan shaƙe da mai. Akwai ƙofofin fulot masu sifirin da ake sayarwa don rage hakan, suna taimakawa, amma ba su mai da shi na daji ba. Kuɗinsa wajen dala 400 zuwa 500. Akwai na kwaikwayo masu arha a intanet da suka yi kama da shi sak, ramukan cikinsu ba su da tabbas, ni ba zan ɗora su a motar da nake dogaro da ita ba.

Holley

A nan sai an bambance iri uku. Akwai mai 600 wanda zuƙar injin ke buɗe bakunansa na baya, wato 1850 mai cok na hannu da 80457 mai na lantarki. Akwai Truck Avenger, wanda aka ƙera musamman don daji, mai 670 shi ya dace da 350. Sai mai famfon feshi biyu da totur ke buɗe bayansa kai tsaye. Wannan na ƙarshen na motar tsere ne mara nauyi, a-kori-kura mai giyar otomatik ba ta da abin yi da shi.

Ƙarfin Holley shi ne komai nasa ana iya canzawa, kuma kayansa suna ko'ina a Amurka: jet, bawul ɗin ƙarin mai, bakin feshi, sifirin ɗin baya. Idan an sa wa injin kamshaf mai zafi, wanda ya rage zuƙa a sulo, shi ya fi sauƙin bi da shi. Bawul ɗin ƙarin man da ya saba zuwa da shi mai lamba 6.5 ne, kuma ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce lambarsa ta zama kusan rabin abin da agogon zuƙa ya nuna a sulo. A yawancin samfuran ana saita fulot daga waje: a cire ɗan matoshin da ke gefen ƙoƙo, mai ya tsaya daidai leɓen ramin na ƙasa.

Mutane kan yi ƙorafin bakunan baya ba sa buɗewa, don sun taka totur mota na tsaye ba su ga sun motsa ba. Ba za su motsa ba sai da nauyi. Maƙala ɗan ƙarfen riƙe takarda a sandar da ke fitowa daga tulun zuƙa, ka tura shi sama har ya taɓa jikin tulun, ka fita ka taka motar sosai a hanya. Idan ka dawo ka tarar ya sauko ƙasa, sun buɗe, kuma nisan saukarsa shi ne gwargwadon buɗewar.

Farashin wannan sassauci shi ne kulawa. Ƙoƙunansa a gaba da baya suke, a ɗaure da gaskit da ke cikin mai. Motar da ke daɗewa a ajiye, gaskit ya bushe, sai yoyo a kan manifol mai zafi, wanda haɗarin gobara ne na gaske. Canza jet ma sai an cire ƙoƙo an tare man da ke ciki. Waɗanda aka ƙera kafin 1992 kuma tari ɗaya ta sama yana iya fasa bawul ɗin ƙarin mai. Mai 600 kuɗinsa kusan ɗaya da Edelbrock, Truck Avenger ya fi su tsada, yakan haura dala 600. Abin da ake saye da ƙarin kuɗin shi ne injin da ba ya mutuwa lokacin da hancin mota ke kallon sama.

Injekta mai zama a gurbin kafireto

Irin su Holley Sniper da FiTech suna hawa kan manifol ɗin nan dai, da kusoshi huɗun nan, amma a ciki injekta ne da 'yar kwamfuta da ke karanta hayaƙin salansa tana gyara haɗin mai da kanta. Tashin safe, tafasar mai, karkata, canjin tudu, duk sun zama tarihi. Kafireto kuwa idan aka saita shi a bakin teku aka hau da shi birnin Denba, mai tudun kusan mita 1,600, sai an rage masa mai da hannu.

Na'urar kaɗai takan kai wajen dala 1,000 ko fiye, kuma ba ita kaɗai za a saya ba. Tana son matsin mai wajen psi 58, ke nan sabon famfo, sababbin bututu masu jure matsi, galibi da bututun mayar da mai tanki, da huda salansa don na'urar shinshinar hayaƙi. Kafin a gama an doshi dala 2,000. Ba ta yafe aikin waya na ganin dama: wayoyinta biyu kai tsaye daga batir suke so, nesa da wayoyin fulogi. Idan salansa na yoyo kafin na'urar shinshina, kwamfutar za ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta yi ta ƙarawa. Kuma ranar da ta mutu a hanya, sukundireba ba ta da amfani, sai janwe.

| Zaɓi | Kuɗi (dala, kimani) | Ƙarko | Sauƙin saiti | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Quadrajet | ƙasa da 100 a gyara, 400–600 sabuntacce | mai kyau idan jikin bai cinye ba | sai wanda ya san shi | sayen gauraye ko mai kwamfuta |
| Edelbrock 600 | 400–500 | mai kyau, ba ya yoyo | mafi sauƙi | tafasar mai, matsi fiye da 6 |
| Holley 600 | 400–500 | yana son sabon gaskit lokaci-lokaci | matsakaici | yoyo a kan inji mai zafi |
| Truck Avenger | sama da 600 | kamar na sama | matsakaici | yoyo, da kashe kuɗi a banza ga motar kwalta |
| Injekta | 1,500–2,000 da kayan mai | ya danganta da aikin waya | da kansa yake koyo | mutuwa a inda babu mai gyara |

Akwai haɗari ɗaya da ya shafi duk wanda zai cire Quadrajet, kuma ya fi duk na cikin jadawalin tsada. Idan giyabos ɗin motar 700R4 ne, wayar da ta taso daga gare shi zuwa hannun totur ita ke faɗa masa yawan matsin man da zai riƙe kulocinsa da shi. Hannun totur na Edelbrock da Holley ba ya jan wayar daidai yadda na asali ke ja. Idan ba a sa ɗan ƙarfen gyara kusurwa an saita wayar ba, giya za ta riƙa shiga da wuri, da laushi, kuma cikin ɗan lokaci giyabos ya ƙone. A TH350 abin bai kai haka ba, wayarsa ta sauko da giya ce kawai. Wanda ke zaune a Amurka kuma ya duba dokar hayaƙi ta jiharsa kafin ya saya. A Kalifoniya motocin fetur na 1976 zuwa sama suna zuwa gwajin hayaƙi, kuma yawancin kafiretocin kasuwa ba sa wucewa.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Idan injin ya zo da Quadrajet mara soket, sandar totur ba ta kaɗawa sosai, kuma motar ta aiki ce, tana ɗaukar kaya ko jan tirela, ka gyara shi. Manifol ya riga ya dace, wayar giya ta dace, kuma shi zai fi rage maka zuwa gidan mai. Wannan ne zaɓina ga mafi yawan injinan 350 da ba a taɓa cikinsu ba, da sharaɗin akwai mai haƙurin koyon sa.

Idan babu kafireto ko kaɗan, ko wanda ke akwai ya ruɓe, kuma motar ta kwalta ce da fita ƙarshen mako, Edelbrock 600 ko AVS2 650, tare da farantin hana zafi da abin daidaita matsi a saye ɗaya. Shi ne kuma na wanda bai taɓa buɗe kafireto ba.

Wanda ya canza kamshaf da kan silinda, yana kuma jin daɗin tsayawa a gareji yana gwaji, Holley 600 ne nasa. Land Cruiser ko Jeep da za ta hau duwatsu, Truck Avenger ko Quadrajet mai lafiya. Idan injin ya zo da ƙaramin Rochester mai baki biyu kuma motar gona ce da ba ta wuce juyi 4,000, a bar mata abinta. Injekta kuwa na wanda motar ce abin hawansa kullum, yana ratsa tudu da kwari ko yana zaune inda sanyi ke tsanani, kuma yana da kuɗin yin aikin mai da na waya yadda ya kamata.

Wanda zai kawo irin wannan motar ƙasar Hausa lissafinsa ya ɗan bambanta. Bakaniken da ya ƙware a kafireton Fijo 504 zai gane fulot da jet da famfon feshi na Edelbrock cikin yini guda, amma da wuya a samu kayan waɗannan samfura a kan teburin 'yan kayan gyara. Zafin bazara zai tsananta tafasar mai, ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙananan ramukan iska. Don haka a haɗo da kayan gyara saiti biyu, akwatin allurai da sifirin, farantin hana zafi, matatun mai da na iska masu yawa, da ƙarin modul ɗin dilkon HEI guda ɗaya a ajiye a aljihun mota.